Mushe Hambali da Rufin Ajin Cadakori

Mushe Hambali (Mushe muke ce wa malamin boko) ya daɗe yana koyarwa a lakol ɗin Cadakori, har yaran da ya koya wa baƙi suka fara kawo masa nasu 'ya'yan. Ba ya duka, ba ya makara. Aibinsa guda ne: abin da ya gani a littafi ya fi yarda da shi bisa abin da maƙwabci ya gaya masa.

A shekarar riƙon ƙwarya, lokacin da soja suka ce za su mayar da mulki ga farar hula, ƙanensa ya aiko masa da littattafai uku daga Yamai. Ɗaya kan falsafar ilimi, ɗaya kan hanyoyin binciken kasuwanci, na ukun kan haɗin gwiwar gwamnati da 'yan kasuwa. Ya karance su tas. Muka daina ganinsa a gindin dogon yaro bayan la'asar.

Ajin ƙananan yara rumfar kara ce. Kowace shekara ruwan farko ke kayar da ita, karatu ya tsaya. Mutanen gari sun yi gayya sun tayar da bango, saura kwano. A buro, ofishin masu kula da makarantu, an ce a jira sabuwar gwamnati. Amma Alhaji Tala, mai sayen hatsi a Gidan Rumji, ya taɓa faɗi a wurin wani suna cewa yana da kwanon da ya rage masa daga gini. Mai hankali ya san abin da wannan magana take nufi. Dattijo ake nema ya je ya gaishe shi, a tambayi iyali, a yi zancen zafin bana, a ambaci rumfar sama-sama, a tashi.

Da yake ina cikin dattawan gari, na ce wa Mushe zan iya raka shi ranar kasuwa.

"Baba, wannan zamanin roƙo ya wuce," in ji shi. "Haɗin gwiwa za mu ƙulla. Littafi ya ce a fara da sanin ƙarfin abokin aiki."

Na ce to, amma tuwo mai zafi daga gefe ake cinsa. Ya yi dariya, ya ce ai ba tuwo za shi ci ba. Na bi shi dai.

Muka tarar da Alhaji a ƙofar shago, dillalai da masu amalanke kewaye da shi. Shekarar kuwa gero ya yi wuya, kowa na kallon sito na kowa. Mushe bai gama gaisuwa ba ya buɗe littafi.

"Alhaji, buhu nawa ne a sitonka yanzu?"

Alhaji ya dube ni. Ni kuwa na dubi takalmina.

"Alhamdu lillahi, Mushe."

"Alhamdu lillahi ba adadi ba ne. Shanu fa, kai nawa?"

"Wa ya aiko ka? Masu haraji ko jandarma?"

"Ilimi ne ya aiko ni."

"To ka gaida shi," in ji Alhaji, ya kira a kawo mana fura.

Wani dillali ya ce, "Mushe, saura ka ƙirga masa 'ya'ya." Aka yi dariya, ban da Alhaji.

A hanyar komowa Mushe sai murna yake, wai matakin farko ya kammala, abokin aiki yana da ƙarfi tunda ya ƙi faɗa.

Kafin mako ya zagayo, labari ya bazu cewa ana binciken hatsin Alhaji. Ya kwashe buhunansa zuwa Maradi, kwanon kuma ya ba wani masallaci a hanyar Tibiri, inda liman ya tambaye shi lafiyar ƙafarsa kawai.

Ruwan farko ya sauka ranar wata Laraba, rumfa ta kwanta. Bangon da muka tayar ya sha ruwa har ya fara zubewa ta gabas. Yaran suka bi iyayensu gona shuka.

Mushe ya yi ritaya a bara waccan. Har yau yana cewa 'yan kasuwarmu ne ba su waye ba. Idan ya faɗa, nakan kau da zancen, in tambaye shi yadda geron gonarsa ya yi.