Kwalbar da Ta Tafi Ɗan Isa

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara ina gidan aurena a Ƙaura, sana'ata sayar da kananzir daga cikin gida. Jarka guda, mazurari, da kwalaben lemo jere a gindin bango. Ba sana'ar da za ta kai mutum Makka ba ce, amma ta rufa mini asiri. Daga mahaifiyata na gaje ta, tare da doka guda: ba a sayar da sabuwar jarka sai an gwada. Gwajin ba wuya. A tsiyaya kaɗan a murfin gwangwani, a ajiye a tsakar gida, a ja da baya, a jefa ashana. In kananzir ne na gaskiya, ashanar mutuwa take a ciki. In an gauraya shi da fetur, ba sai an faɗa wa mutum ba.

Surukina, mahaifin maigidana, shi ke da wani ƙaramin gidan mai a bakin hanyar Shinkafi, kuma daga can nake samun kaya. Dattijo ne mai farin gemu. Ya gina masallaci a jikin gidan man, kuma da an kira salla ake kashe famfo, ko da layi ya kai tashar jirgi. Shekara shida da aurena ban taɓa haɗa ido da shi ba. In ya shigo, durƙusawa nake in gaida ƙasa. Ina da baki, kowa a unguwar ya sani, amma ba a gabansa ba.

A lokacin kananzir ya yi wuya har ya fi fetur daraja. Mako uku jarkata a bushe. Wata Alhamis, maigidana ya tafi kasuwar Shinkafi, sai ga surukin nawa, Baba, da kansa bayan azahar, ya sa an sauke mini jarka cike. Na shimfiɗa masa tabarma a inuwar dogon yaro, na kawo ruwa.

"Ɗiyata, ga shi nan," in ji shi. "Da hannuna na ɗebo miki daga tanki, tun ba a buɗe ma mutane ba."

Ban gama godiya ba sai ga sallamar ƙawata mai nono. Bafillatana ce daga wata ruga wajen ƙauyen Ɗan Isa, doguwa, mai wushirya. Mun yi shekaru muna musaya, ta zuba mini kindirmo, in cika mata kwalba. Ni ina ce mata 'yar daji, ita tana ce mini ragguwar birni wadda ba ta iya ɗaukar ko ludayi a ka. Mako ukun nan kullum sai ta zo da kwalbarta ta koma da ita wayam. Da ta ga jarkar sai ta sauke ƙwarya tana dariya.

Na kwance murfin. Wani wari mai kaifi ya daki hancina, irin wanda ke sa ido ƙwalla. Na san warin kananzir kamar yadda na san warin ɗakina, kuma wannan ba shi ba ne.

Murfin gwangwanin gwaji yana nan kan taga, ashana tana kusa da shi. Taku uku ne tsakanina da su. Amma ga Baba zaune, ya ce da hannunsa ya ɗebo. In na ƙyasta ashana a gabansa, na ce masa macuci ke nan, a gidan ɗansa, a gaban baƙuwa. Matar ɗa ba ta yin haka. Na ce wa raina wataƙila jarkar ce aka taɓa zuba fetur a ciki. Na sa mazurari, na cika kwalbar, na toshe ta da totuwa. Ta ɗora ƙwaryarta ta tafi, tana cewa yau rugarsu za ta ga haske.

Baba bai tashi ba sai da ya yi la'asar. Yana fita na tsiyaya a murfin, na jefa ashana.

Ashanar ba ta ma kai ga murfin ba. Wuta ta tashi a iska da wani irin "buf", ta kai tsayin ƙirjina, ta lashe gashin hannuna. Na tsaya ina kallon murfin yana ci bal-bal. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Abu ɗaya ne a kaina: kwalba guda ta fita, tana hanyar Ɗan Isa, kuma da magariba za a zuba ta a fitila a cikin bukkar kara.

Na zura hijabi na fita, ba tare da izinin kowa ba. A bakin titi na tsayar da ɗan kabu-kabu. Ya dube ni ya girgiza kai.

"Hajiya, ki yi haƙuri. An hana mu ɗaukar mata. Bulala anka yi ma mutum."

"Rai na ka son cetowa, ɗan'uwa."

"Ni ma bayana nika ceto," in ji shi, ya ja babur ɗinsa.

Uku na tsayar, uku suka ƙi. Motar hayar mata zalla kuwa, wadda ake ta labarinta, ranar ko ƙurarta ban gani ba. Na zage su a zuci, su da baburansu, na kama hanyar gidan mai da ƙafa, ina gudu-gudu sauri-sauri.

Na tarar da Baba a kan benci, jama'a sun yi layi da galan-galan a famfon kananzir. Ban durƙusa ba. Ranar na fara ganin ƙwayar idonsa.

"Baba, a tsaida wanga hwamfo. Akwai hetur cikin kananzir ɗin nan. Na gwada, ga hannuna. Kuma mai nono ta tahi da kwalba guda."

Na zaci zai yi mini tsawa, ko ya yi salati ya tsine wa direban tanka. Bai yi ko ɗaya ba. Ya dubi hannuna, ya dubi layin, ya ce a kashe famfo, wai inji ya samu matsala. Ya ɗauki makullin a-kori-kurarsa ya ce in shiga.

Mun bar gari, gero tsaye dama da hagu ya fara nuna, rana tana gangarawa. Ina ta lissafin lokaci: in mun isa kafin kiran salla, ba a kunna fitila ba tukun. Don in rage masa nauyi sai na ce, "Baba, mai tankar nan ya cuce ku."

Ya ce, idonsa a kan hanya, "Ɗan kaɗan na anka sa, don shi yi auki. Kowa haka shika yi yanzu. Sun ce ba ya komi."

Na juya na dube shi. Farin gemun nan, tabon salla a goshi, carbi rataye a madubin mota. Kunyar da na yi shekara shida ina ji, wadda ta hana ni ƙyasta ashana, ashe wannan nake wa ita. Da a ce wani ne ya ba ni labari, da na ce ƙarya yake wa dattijo.

A Ɗan Isa muka yi ta tambaya. Ban san sunan mijinta ba, ban san sunan rugar ba. Shekara da shekaru ina shan nononta, iyakar sanina ke nan, doguwa mai wushirya. Wata mai tuyar ƙosai ce ta gane ta, ta nuna mana wata 'yar hanya ta cikin dawa. Muka bar motar muka taka. Rana ba ta faɗi ba. Har na fara hamdala.

Sai muka ga mutane tsaye cirko-cirko a gaban wata bukka.

Ni fitila kawai nake tunani. Ban tuna cewa damina ce ba, itace jiƙe yake. Ta dawo ta tarar da wutar tuwo tana ta hayaƙi ta ƙi kamawa, sai ta yi abin da kowace mace take yi, ta karkata kwalbar a kan garwashi. Wutar ta biyo man har cikin kwalbar, ta fashe a hannunta.

Tana kwance kan tabarma, an lulluɓe ta da zane mai laushi. Ba zan faɗi yadda ƙirjinta da wuyanta suka koma ba. Ko nishi ba ta yi, juriya irin ta Fulani. Da ta gan ni sai ta yi ƙoƙarin gyara kwanciya.

"Ƙawa, har nan kinka zo?" in ji ta, muryarta can ƙasa. "Ki gahwarce ni, na ɓata miki mai. Gangancina ne. Ni na zuba ma wuta."

Mijinta, wani siririn mutum mai sanda a kafaɗa, ya gyaɗa kai. Ya ce sau nawa yana hana ta.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sai na ji idon Baba a kaina. Kallo ne kawai, na tsoho mai roƙo. Ga maza tsaye da sanduna, ga uban mijina, kakan 'ya'yana. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Sannu. Allah shi ba ki lahiya."

A motarsa muka kawo ta asibitin Ƙaura, kanta a kan cinyata. Duk ramin da muka faɗa sai ta damƙe hannuna, kuma ba ta yi kuka ba. Mutanen rugar suka yi ta sa wa Baba albarka, dattijon kirki da ya taso tun daga gari don talaka.

Kwana biyu ina zuwa wurinta da kunu. Kullum da niyyar faɗa mata nake fita gida, kullum sai in ce bari ta ɗan ji sauƙi tukun. Ranar Lahadi da hantsi na iso da kwanon a hannu, na tarar an naɗe katifar. Ta rasu tana ganin laifinta ne.