Ranar da Aka Ƙure Ƙanwata da Tuwo

Har yau, in na ji ana kankare ƙanzo a gindin tukunya, sai hannuna ya tsaya a kan abin da nake yi. Jiya da hantsi maƙwabciyata a nan Gusau ta yi wannan kankarar, cokali yana kuka a jikin ƙarfe, sai ga ni a tsakar gidanmu na Tsafe, ina 'yar aji huɗu, zaune a inuwar rumbu da littafi a cinya, ina leƙen ƙanwata ta saman shafi.

Shekara biyu na ba ta. Da siririya ce kamar ni, mai tsere da 'yan awaki. Daga wata damina ta fara cika. Da farko murna aka yi. Matan unguwa in sun shigo sukan ja kumatunta su ce lallai gidan ga akwai hatsi. Kaka, mahaifiyar Baba, takan tsokane ta cewa ta tausaya wa rumbu ya kai mu girbi.

Mu biyar muke ci a kwano ɗaya, kuma ka san dokar kwano: kowa gabansa, ba a bin lomar wani da ido, babba ya riga tsame hannu. Ƙanwata takan gama gabanta ta shiga na wani, in an tashi ta wuce madafi ta kankare tukunya. Daga nan hoce, gasasshiyar wainar dawa, ya fara ɓata a faifai, dawon furar Baba ya riƙa raguwa. Duk sanda aka kama ta ba ta gudu, ba ta ƙarya. Magana ɗaya ce, yunwa take ji. Ba wanda ya yarda. Ina mai wannan jiki, wadda yanzu ta tashi daga kwano, ina yunwa? Aka ce kwaɗayi ne, sunan ya bi ta har makaranta.

Ni aka sa tsaronta, don ni ce marar magana mai yawan kallo. Kullum da la'asar Inna, mahaifiyarmu, takan tambaye ni abin da ta taɓa, ni kuma in faɗa, kaina a ƙasa. Nakan ji daɗi an yarda da ni. Wannan ban taɓa gaya wa kowa ba.

Bayan girbi Kaka ta ce akwai maganin kwaɗayi na tun iyaye, da shi aka gyara ƙanenta: a ƙure yaro. A tuƙa tuwo mai yawa a ajiye masa shi kaɗai a gaban mutane, ba zai tashi ba sai ya ce ya ƙoshi da bakinsa. Ciki zai ƙi, kunya ta kama shi, daga ranar ba ya ƙara kallon tukunya.

Ranar wata Asabar da azahar aka yi. Sabuwar dawa ce, da miyar kuka da man shanu, ƙamshin har zaure. Aka cika akushin baƙi, aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, matan gida suka kewaye suna dariya. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta tura mata akushin ta ce, "Bisimilla, Hajiya. Yau gidan ga naki ne."

Ta fara ci. Na lura ba ta neman inda man ya taru, ba ta lasar yatsa. Ci take kamar wadda aka ba aikin surfe aka ce ta gama kafin rana ta juya. A malmala ta uku dariya ta ragu. Zufa ta jiƙa mata wuyan riga, numfashinta ya yi gajere, hawaye na sauka, hannun bai tsaya ba. Da akushi ya koma wayam, Kaka ta sunkuyo ta ce, "To, an ƙoshi?"

Ƙanwata ta dafa cikinta da ya yi tauri kamar ganga. "Nan ya cika, Kaka, har yana mini ciwo. Amma ban ƙoshi ba."

Na ga Kaka ta janye ƙafarta daga kan tabarmar a hankali. Ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Ɗiyar ga ba ita kaɗai ka cin tuwon ga ba."

Daga ranar aka ware mata kwano. Inna ta kulle madafi, ta ɗaure makullin a bakin zanenta. Daga baya Baba ya kai ta wurin wani mai magani a wani ƙauye gaba da Bungudu, wajen Rawayya, ta yi wata biyu ana mata hayaƙi da jiƙo, ana rage mata abinci don mai ci tare da ita ya gaji ya tafi. Da ta dawo ta daina cewa tana jin yunwa, aka ce sauƙi ya samu. Ni dai na ga bakin mayafinta kullum a jiƙe, duk ta taune shi. Bazarar da ta biyo ciwon kai ya kwantar da ita, ana cikin shawarar kai ta asibiti a Gusau ta rasu. Ba ta cika shekara tara ba. Sunan kuwa ya zauna a dangi. In yaro ya cika ci, sai a ce kada ya ɗauko halin marigayiya.

Bana wata likita ta zo makarantar 'yan matan da nake koyarwa, tana auna tsawo da nauyin ɗalibai. Aikinta bincike ne a kan ƙiba. A ɗakin malamai ta yi mana bayani cewa ƙoshi ba ciki ke yanke shi ba, kai ne. Akwai wani ɗan wuri a ƙasan ƙwaƙwalwa da hanji da kitsen jiki ke aika wa saƙo ta cikin jini cewa an samu, ya isa. In saƙon bai fito ba, ko wani ƙari ya danne wurin, mutum zai cika tumbinsa, kansa kuma yana gaya masa ya kwana biyu bai ci ba.

Na jira kowa ya fita, sannan na ba ta labarin, ina kallon takalmina. Ba ta yi mamaki ba, tambayoyi ta jero. Tana yawan shan ruwa? Na tuna yadda ba ta nisa da randa. Tsawonta fa? Na tuna kayan makarantarta kullum faɗaɗa su ake yi, ba a taɓa ƙara musu tsawo ba. Ganinta? Takan bugi gefen ƙofa da kafaɗa, in abu ya zo mata daga gefe sai ta juya kai gaba ɗaya. Amai da safe? E, a bayan rumbu, ta rufe da ƙasa. Duk na gani, duk ina riƙe da su. Abin da ta taɓa kawai ake tambayata, ni kuma abin da aka tambaye ni kawai nake faɗi.

Likitar ta ce ba za ta yanke hukunci a kan wadda ba ta duba ba. Amma da yau aka kawo mata irin wannan yarinya, hoton kai za ta fara sa a ɗauka kafin a yi zancen abinci. Kuma yunwar, ta ce, ta gaske ce.

Na yi makonni ina juya maganar. Kaka da Baba sun rasu, Inna ce ta rage. In na yi shiru, sunan ya ci gaba da bin ƙanwata. In na faɗa, Inna ce ta riƙe makullin. Wata Juma'a, da rana ta ɗaga motoci suka fara bin hanya, na tafi Tsafe. Na same ta tana ɓarar gyaɗa, na zauna na gaya mata duka. Hannunta bai daina ɓara ba.

"Ke nan duk sa'ad da ta ce mani yunwa..."

"Yunwa ce, Inna."

Ta ajiye gyaɗar da ke hannunta. Sannan ta ce, "Kuma ina da tuwo a ɗaki."

Na yi ƙoƙarin gaya mata cewa ko rumbun duka aka tuƙa ba zai kai mata ƙoshi ba, ciwon ba na tuwo ba ne. Ban san ko ta ji ba.

Gidan ya canja yanzu. Jikoki kowa da farantinsa, ba a ƙure kowa, a rediyo ma an fara kiran ƙiba ciwo. Matar yayana ta ce tun zuwana ba wanda ya isa ya haɗa marigayiya da zancen ci a gaban Inna, har Gwaggo ta sha faɗa a kai. Abin da na je nema ke nan, na kuma samu. Amma ta ce wani lokaci da rana tsaka sai a ga Inna ta zuba tuwo a kwano ta rufe, ta fito da shi tsakar gida ta tsaya tana dube-dube, har sai wani ya zo ya karɓa daga hannunta.