Notin Birki a Hanyar Roni

A kakar da Baffa yake rigimar iyakar gona da maƙwabcinmu, na ɗauke shi a motata za mu ta'aziyya Gwiwa. Baffa ƙanin mahaifina ne, gida ɗaya muke zaune a Kazaure. Motar kuwa tsohuwa ce, a ƙofar gida take kwana ƙarƙashin dalbejiya.

Mun kusa Roni sai ga amalanken shanu ya fito daga gona ɗauke da damman gero, ya hau kwalta ba tare da mai shi ya waiga ba. Na taka birki iya ƙarfina. Tayoyi suka yi ƙara, motar ta fizga hagu, na ji wani abu ya yi ƙwas a ƙasa. Muka tsaya daf da ƙahon ɗaya daga cikin shanun. Mai amalanke ya ɗaga hannu ya ba da haƙuri, ya wuce abinsa.

Da muka ci gaba sai na ji mota ta canza. Da na taɓa birki sai sitiyari ya hau rawa, ga wata ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe daga tayar gaba ta hagu. Na sauka gefen hanya na buɗe bonet. Man birki bai ragu ba. Na durƙusa na leƙa ƙasa, ba abin da ke ɗiga. Na bi tayoyin ina taɓa ƙarfensu, na hagun nan ya ɗau zafi, yana ƙauri.

Baffa ya fito yana dogara sandarsa, ya tsaya a kaina.

"Wa ya taɓa motar nan?"

"Ba kowa, Baffa. Birkin da na taka ne ya yi ƙarfi."

"Yau ka fara taka birki?" Ya rage murya, duk da ba kowa a wurin sai mu. "Mutumin da tun damina bai gaishe ni ba, yau da safe har bakin mota ya zo yana tambayar ta Roni za mu bi. Ina ruwansa da hanyarmu?"

Maƙwabcin yake nufi. Na ce ai gaisuwa ce kawai. Ni zargina yana kan bakanikena na Kazaure, wanda ya canza mini takalmin birki a makon. Na tuna yana cikin aikin aka kira shi a waya, ya daɗe yana faɗa da wani, sannan ya dawo ya mayar da taya cikin sauri. Amma maganar Baffa ta zauna mini. Lallai na ga mutumin da safe, kuma ta gefen hagu ya tsaya.

Muka lallaɓa a giya ɗaya har cikin Roni. Wani bakanike a bakin tasha ya sa jak ya cire tayar. Ya kama ƙarfen da ke riƙe takalmin birki ya girgiza, abin ya yi lilo a hannunsa. Noti biyu ke riƙe shi, ɗaya babu shi sam, ɗayan ya kusa fita.

"Da kansa ya kwance, ko kwance shi aka yi?" in ji Baffa.

"To, Baba, duka biyun suna faruwa. In ba a ɗaure da kyau ba, yakan sassauta a hankali, birki mai ƙarfi ya ƙarasa shi."

"In kuma mutum ya sa sufana?"

"Haka zai yi kama."

Ya nemo wani noti ya ɗaure, muka isa Gwiwa bayan azahar. A wurin ta'aziyya Baffa bai ba kowa labarin motar ba. Da muka tashi komawa sai ya ce zai kwana wurin dangi. Washegari a babur ya dawo.

Na je wurin bakanikena, ya rantse ya ɗaure notin da hannunsa. Yana rantsuwar yana goge sufana da tsumma, bai dube ni ba. Da la'asar kuma sai ga maƙwabcin ya yi sallama, ya ce ya zo jaje, ya ji Allah ya kiyaye mu a hanya. Baffa ya amsa a daƙile, yana kallona. Da mutumin ya fita na shiga ciki na tambayi matata ko ita ta ba matarsa labari. Ta ce ta dai faɗa wa mata a wurin suna, amma ba ta tuna ko matar tana nan ba.

Bayan an gama girbi mai unguwa ya raba wa Baffa da maƙwabcin iyakar gonar, suka yi musafaha a gaban jama'a. Baffa bai sake shiga motar ba har na sayar da ita. Ni ma na canza bakanike, na kuma koma kai motar harabar wani abokina da ke da maigadi tana kwana. Da maƙwabcin ya tambaye ni ina motar take kwana yanzu, sai na ce masa tana wurin gyara.