Hannun da Ba Ya Karya Kilif

Ni mai ɗinkin kujerun mota ne, rumfata tana cikin wani gareji a Sabon Tasha. Amma ba ɗinki ne ya fito da ni ba, kilif ne, 'yan ƙusoshin robar nan da ke riƙe da domat, wato bangon ƙofar mota na ciki. Abu ne ƙarami, amma ya fi tsohuwa saurin fushi. Yawancin mutanen garejinmu sukudireba suke cusawa su banƙare, ka ji ƙas ƙas, rabi sun karye. Su mayar da domat ɗin da gam, mai mota ya tafi ƙofa na yi masa kiɗa har gida.

Ni ba na haka. Da farko rana nake sa motar ta sha, roba ta yi laushi, don da sanyin safe ko lallashinta ka yi sai ta karye. Sannan ina da wata 'yar roba mai faɗi da na goge bakinta da kaina. Daga ƙasan ƙofa nake zura ta, in bi a hankali har in ji ta taɓa kilif, a nan gefensa nake dannawa, ba a tsakanin biyu ba. In sun saki duka, sai in ɗaga domat ɗin sama, ba a fizgo shi. Har tsokanata ake yi wai ni ungozomar ƙofa ce. Ina jin daɗin sunan, ba zan ɓoye ba.

Rumfar da ke jikin tawa ta wani bakanike ce, ɗan ƙauyenmu. Tare muka yi firamare, shi ne babban abokin ango a bikina. Wata rana ya ja ni gefe ya ce, "Mutumina, koya mini wannan sirrin naka mana. Amma don Allah kada kowa ya ji, ka san 'yan gareji, sai su ce oga guda yana koyo wurin tela." Na yi dariya na ce ya zo gida. Ran Lahadi bayan an tashi coci yake zuwa, mu jingina wata tsohuwar ƙofa a jikin mangwaro, yana karyawa ina zaginsa, har hannunsa ya faɗa. Na goge masa tasa robar. Ban gaya wa kowa ba, tunda ya roƙa.

Akwai wata dattijuwa a cocinmu, nas ce da ta yi ritaya, kowa Mama yake ce mata. Ita ta riƙe matata lokacin haihuwarmu ta fari. Motar marigayi mijinta take hawa, tana lallaɓa ta kamar ƙwai, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa cikinta sai ni. Duk matan zumuntar cocinmu masu mota ita ta turo mini su. Wata rana Mama ta kawo motar in sake mata rigar kujeru, na gama, sai aka kira ni wani aiki a Rido. Na bar wa abokina makulli na ce in Mama ta aiko ya ba da. Ba ta aiko ba sai washegari.

Bayan 'yan makonni gilashin direba ya maƙale. Ta tsaya wurin wani riwaya, mai gyaran wayoyin mota, a Kamazou, kusa da gidanta. Da ya buɗe ƙofar sai ya tarar an cire injin gilas na asali, an sa wani ruɓaɓɓe an ɗaure da waya. Mama ta zo garejinmu da shi, ba ta ko kalli rumfata ba, ta wuce wurin Baba ciyaman, shugaban gareji.

Baba ya tara mu, ya sa riwayan ya buɗe sauran ƙofofin a gaban kowa. Duk labarin ɗaya ne, har lasifikun an musanya. Riwayan ya ɗaga domat yana nuna wa mutane. Ya ce, "Baba, ka duba, ban da waɗanda na karya yanzu da hannuna, kilif ko ɗaya bai karye ba. Babu gam, babu ƙarzuwa. Wanda ya yi wannan gwani ne."

Sai na ga idanu suna juyowa kaina ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Baba, ni kujeru na taɓa, ban buɗe ƙofa ba. Motar a hannun wannan ta kwana." Na nuna abokina.

Yana goge hannu da tsumma. Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Haba ɗan'uwa. Ni da ko murfin fitila na taɓa sai ya tsage? Kowa a nan ya san hannu ɗaya ne ya iya wannan aikin."

Na ce ai ni na koya masa, a gidana, ƙarƙashin mangwaro. Wani ya tuntsire da dariya. Baba ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa ganin haka, ba a samu ko ɗaya ba. Matata kaɗai ta gani, kuma wa zai karɓi shaidar matar mutum? Na yi ta rantsuwa ina kumfar baki, har na ci kwalarsa aka raba mu, wannan ma ya ƙara ja mini. Shi kuwa sai girgiza kai yake, wai shi abin tausayi nake ba shi. Ashe tun ranar da ya ce kada kowa ya ji, sakiyar da ba ruwa yake shirya mini. Da baƙo ne ya yi mini da tuni na manta. Mutumin da ya riƙe mini zobe a coci.

Baba ya tambayi Mama ko a kira 'yan sanda. Ina ma ta ce a kira, ko a bincika rumfunanmu duka biyu. Sai ta matso kusa da ni, ta dafa kafaɗata, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Ɗana, da ka gaya mini kana cikin matsi, da na taimake ka. Ba komai, na yafe maka."

Na ce, "Mama, ban ɗauka ba."

Ta ce, "Ya isa, ɗana. Na ce na yafe."

Ba a kore ni daga gareji ba, har yau rumfata na jikin ta abokin nan nawa, ina jin muryarsa yana ciniki. Matan zumunta sun daina zuwa. Mama kuwa duk Lahadi sai ta neme ni a bakin coci, ta riƙe hannuna da hannu biyu, ta ce tana nan tana sa ni a addu'a Allah ya raba ni da wannan hali. Ni kuma in ce amin, Mama.