Katangar da Muka Ci Ni da Akuyata

Ko zan manta da komai a duniya, ban da ranar da jar akuyata ta haihu a Tungar Daji.

Lokacin ina da cikin fari wata biyar, Allah kuma ya jarabce ni da kwaɗayin cin ƙasa. Ba kowace ba, sai ta katangar bayan ɗakina, wadda maigidana ya yaɓe da ragowar ƙasar wankin zinare. Laushi gare ta kamar garin tuwo. Kullum da hantsi sai in ɓantara in jefa baki, akuyar tana gefe tana lasa, ita ma da nata cikin. Inna har tsokanarmu take, wai mun ƙulla ƙawance.

Da masu aikin lafiya suka shigo garin saboda yaran da ke ta mutuwa, wata dattijuwa cikinsu ta tarar da ni ina tauna. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗiyata, akwai gubar dalma a ƙasar nan. A wurin bincike in aka ba ɓera mai ciki, 'ya'yan kan zo a tsumbure, wasu ba rai. Jinin uwa take bi ta iske ɗa."

Ni da bakin nan nawa na ce, "To ni ɓera ce? Inna ta ci ƙasa, ta haihe mu lahiya lau."

Ba a yi mako biyu ba akuyar ta haihu. Biyu ta zubo, ɗaya ba rai, ɗayan ko kai ya kasa ɗagawa ya kama nono. Ta yi ta lasarsa tana kuka, kafin la'asar ya bi ɗan'uwansa. Inna ta daɗe tana kallon ramukan da muka ƙwaƙule a katanga, nawa a sama, na akuya a ƙasa. Can ta ce, "Wagga ƙasa ba irin wadda nic ci ba ta. Ɗauko mayafinki, mu tahi asibitin Anka."

A asibiti aka auna jinina, aka ga gubar. Na daina, amma abin da ya wuce ciki ya riga ya wuce. Ɗana ya zo da rai, alhamdu lillahi, sai dai ya shekara biyar kafin ya iya ce mini Inna, kuma har yanzu karatu ba ya zauna masa.

Abin da na koya, gubar da ta taɓa ɗan dabba a ciki ba ta ƙyale ɗan mutum. An faɗa mini da wuri na yi gatse, ɗana kuwa da bai ce komai ba, shi yake ɗauke da abin.