Samma'ar Kaka Ba Ta Jin Larabci

Ranar wata Alhamis, shekarar da na shiga aji uku, Kawu Isuhu ya tsayar da tasinsa a ƙofar gidanmu na unguwar Bani Harisa a Madina, ya fito da Kaka daga wajen likita da wani ɗan abu kamar ƙwallon dabino maƙale a bayan kunnenta. Samma'a ake ce mata a Madina, wato na'urar ƙara ji. Na ruga na rungume ta, abar nan ta yi wani fito mai tsini, na ja da baya har na taka kwanon ful, dafaffen waken da muke ci. Kaka ta ce, "Kin ji ko? Ita ma ba ta son ƙazamar yarinya."

Kaka mahaifiyar mamata ce, Bahaushiyar Chadi da ta zo aikin Hajji da ƙuruciyarta ta zauna. Kafin samma'a, tana zaune a tsakiyarmu amma ta kusa fita daga cikinmu. In an shimfiɗa abinci, mukayyif mai sanyaya ɗaki na ruri, talabijin na ihu, mu kuma kowa na magana lokaci guda, sai ta tattara goshi tana bin bakunanmu da ido. A ce mata Hauwa ta haihu, ta ce me ya kai ta hawa. Mu yi ta dariya, ita kuwa kafin a gama ci ta miƙe ta kwanta, wai kanta ya yi nauyi kamar ta wuni tana dako.

Samma'ar tana da ɗan maɓalli. In ta danna, rurin mukayyif ya lafa, muryar wanda ke gabanta ta fito sarai. Ai kuwa Kaka ta samu mulki. Wanda take so ta juya masa fuska, wanda ya ɓata mata rai ta ba shi ƙeya, ya yi ta zuba shi kaɗai. Ta koma zama har a kwashe kwanuka, ciwon kan ma ya yi sauƙi.

Sai ta sanar da mu cewa likita ya ce wannan samma'ar ba ta ɗaukar Larabci. Kawu, wanda da shi aka ga likitan, ya sunkuyar da kai cikin kofin shayinsa. Mu kuwa haihuwar Madina ne, muna jin Hausa amma da Larabci muke amsawa. Dole ta sa muka fara karya harshe. In na ce, "Kaka, ga ruwa barid," sai ta taɓa kunne ta ce, "Rabi ya shigo, rabi yana waje." Haka zan tsaya da kofi a hannu har in lalubo "ruwan sanyi". Wata rana yayana Usmanu ya gaya mini da Larabci, a gabanta, cewa alewarta tana ƙarƙashin matashi. Washegari muka ɗaga matashin, muka tarar da silifas ɗin da take zane mu da shi.

Sai da na yi aure na tambaye ta gaskiyar maganar. Ta yi dariya har samma'ar ta yi fito, ta ce, "Ina jin Larabcin, 'yar nan, amma da gudu nake bin sa. Kafin in kamo kalma ɗaya sauran sun wuce, in gaji. Hausa kuwa ko rabi na ji, na san sauran."

Yau Kaka tana kwance a maƙabartar Baƙi'a, kuma ina kewarta ƙwarai. Samma'ar wannan zamani da waya ake saita ta, ba ta ko fito. 'Ya'yana ina yi musu Hausa suna amsa mini da Larabci, ni kuwa kunnena lafiyarsa ƙalau, ba ni da abin da zan ɗora wa laifi.