Yaya Kabiru da Manhajar Malama Ladi

Shekara huɗu ke nan da muka kai Yaya Kabiru makwancinsa a Ƙanƙara, Allah Ya jiƙansa. Mutane da dama sun yi rubutu a kansa, galibinsu ba su haɗa jini da shi ba. Ni ƙanensa ne, ciki ɗaya, kuma duk sanda na karanta wani yana kiransa "ubanmu", sai in rufe shafin.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya ne ya gina dandalin nan na waya mai tattara labarin kasuwanninmu, daga Ƙetare har Sheme da Sabuwa: abin da ya shigo, farashinsa, motar da za ta tashi. Ni na rubuta sashen farashin hatsi, a shagonsa na bayan tasha. Na ɗauka abin namu ne mu biyu. Shi kuwa sai ya buɗe shi ga duk mai iya haɗa manhaja. Ya rubuta musu bayanin yadda ake shiga da Hausa, ya ware musu wurin gwaji inda kuskurensu ba zai taɓa manomi ba, kuma kowace Asabar yakan zauna da su a tabarma yana duba aikinsu.

Ta nan Ladi ta shigo, malamar firamare daga Ruwan Godiya, da tsohuwar kwamfutarta da aka ɗaure da salatif. Ta ɗauki bayanan dandalinmu ta haɗa manhajar da ke faɗin farashi da murya, domin mahaifinta bai iya karatu ba. Tsoho zai danna, waya ta gaya masa yadda masara ta kwana a Sheme. Ranar da ta nuna mana, Yaya ya miƙe tsaye yana dariya, har ya ƙwala wa mai shayi kira ya zo ya ji. Ban taɓa ganin ya yi wa aikina haka ba.

Bayan kaka ya kira ni gefe.

"Nura, za mu sauke sashenka na farashi. Mutane su koma na Malama Ladi."

"Yaya, ai ni ma zan iya sa murya. Ka ɗan ba ni lokaci."

"Na san ka iya. Amma in muka kwaikwayi nata muka ɗora a gaba, wa zai ƙara kawo muna tunaninshi? Kai ɗan gida ne. Ita in ta tahi, da sauran za ta tahi."

Da hannuna na sauke shi. Na yi kwanaki ina cin tuwo a ɗakina, Inna tana tambaya ko ba ni da lafiya.

Yau dandalin yana hannuna. Da Yaya zai leƙo, zai tarar da samarin Faskari sun ɗora manhajar hayar tarakta, wasu a Sabuwa sun yi wadda direbobi ke shaida wa juna lafiyar hanya kafin su tashi. Na san zai yi murna, zai nemi sunan kowa. Abin da ban sani ba shi ne ko zai tambayi wanda ke hana abin faɗuwa, don nawa aikin sai ya lalace ake tunawa da shi. An sha ba ni shawara in rufe ƙofa in yi irin nasu da kaina. Ban yi ba, kuma ba zan ce zuciyata ba ta raya mini ba. Ƙofar nan a buɗe ita ce abin da ya rage na Yaya.

Watan jiya Ladi ta zo gaida Inna. Cikin hira ta ce har yanzu ba ta goge saƙonnin muryar da Yaya yake tura mata ba, ta kunna mana ɗaya. Ga muryarsa nan, a natse, yana warware mata wata matsala dalla-dalla. Ni in ya turo mini saƙo, bai wuce "gyara wancan" ba. Can ƙarshe sai na ji ya ce, "In ya ƙi, ki nemi Nura. Ya fi ni sanin cikin abin nan, shi ne ƙashin bayanshi."

Inna ta fashe da kuka. Ni kuwa abin da ya fara zo mini shi ne: Ladi ya gaya wa, ba ni ba.

Na roƙe ta ta turo mini, ta turo. Nakan saurare shi in ina shago ni kaɗai, kuma kullum da "Malama Ladi" yake farawa.